Dafa giya a gida: daga ina arahar take fitowa, kuma wa yake biyan ragowar?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin mashaya a Ingila da Amurka da Ostareliya, cewa duk wanda ya koyi dafa giyarsa a ɗakin girkinsa zai riƙa samun ta a kan sulusin kuɗin da yake kashewa a kanti, ko ma ƙasa da haka. Masu sayar da kayan dahuwar su ne suka fi yayata wannan magana, kuma ba za a ce ƙarya suke shararawa ba, domin idan aka tsaya a kan kuɗin hatsi da sukari da yis kaɗai, lissafin yana fitowa kusan yadda suka faɗa. Matsayin giya a Musulunci sananne ne, haramun ce ko kamfani ne ya yi ta ko a tsakar gida aka dafa, kuma wannan bayani bai shafi halacci ba. Abin da ya sa batun ya cancanci a yi masa fashin baƙi shi ne, da wuya a sami wata haja da take tona yadda haraji da haya da ƙwadago suke haɗuwa su zama farashi kamar yadda giya take tonawa, kuma tambayar da ke damun Bature mai bokitin roba a bayan ƙofa tana da dangantaka ta kusa da farashin dawa a kasuwanninmu.

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalbar giya ruwa ne. Ragowar ya fito ne daga tsiron sha'ir, da furen wata shuka mai ɗaci da ake kira hofs, da yis ɗin da yake cinye zaƙin tsiron ya mayar da shi barasa. Waɗannan kaya ba su ne suke da tsada ba. Mafi yawan kuɗin da mai saye yake miƙawa yana tafiya ne a kwalba ko gwangwani, da kwali, da dakon kaya mai nauyi daga masana'anta zuwa kanti, da talla, da ribar dillali da ta mai kanti, sannan da kason gwamnati. Daga nan ne ya kamata a gyara wani kuskure da ake yawan yi, wato zaton cewa mutumin gida yana sarrafa giya da araha fiye da kamfani. Ko kusa ba haka ba ne. Kamfani yana sayen tsiro da tan-tan, yana tatse kusan duk zaƙin da ke cikin hatsin da injuna, yana sake amfani da yis ɗinsa sau da yawa, yana kuma mayar da tururin tukunya ya dumama ruwan dahuwa ta gaba. Mutumin gida yana sayen tsiro da kilo a farashin ɗai-ɗai, yana biyan kuɗin aiko masa da shi, kuma kowace lita tana cin sa fiye da yadda take cin kamfani. Abin da ya tsere wa shi ne sauran kuɗaɗen da ake ɗora wa giya bayan ta bar tukunya, kuma mafi girma a cikinsu, a wasu ƙasashe, shi ne haraji.

Ingila ce ta fi nuna wannan a fili. A 1880 gwamnatin William Gladstone ta soke tsohon harajin da ake karɓa a kan tsiron sha'ir, ta mayar da shi kan giyar kanta, ta kuma wajabta wa mai dafawa a gida ya yanki lasisi. Wannan doka ta zauna fiye da shekara 80, har sai da ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke lasisin a kasafin 1963. Abin da ya biyo baya shi ne bunƙasar wata sana'a ta sayar da giyar da ba ta riga ta zama giya ba: gwangwani mai ɗauke da ruwan tsiro da aka dafe har ya yi kauri, an riga an sa masa ɗacin hofs, da ɗan ƙunshin yis a ƙarƙashin murfinsa. Mai saye zai juye shi a bokitin roba, ya zuba kilo guda na sukari, ya cika da ruwa har lita 23, ya rufe, ya ajiye a wuri mai ɗumi. A shekarun 1970 hatta shagunan Boots, waɗanda aka sani da sayar da magani, suna jera irin wannan gwangwani a kantarsu. Sirrin cinikin a bayyane yake: babu ko ɗigon barasa a cikin gwangwanin lokacin da aka saye shi, saboda haka babu harajin barasa a kansa, kuma doka ba ta bin abin da mutum ya dafa domin shan kansa.

Girman wannan haraji shi ne ginshiƙin maganar baki ɗaya. A tsarin da Birtaniya ta fara aiki da shi a watan Agustan 2023, ana auna harajin ne da yawan tsantsar barasar da ke cikin abin sha, kuma giya mai matsakaicin ƙarfi da ake sayarwa a kwalba ko gwangwani an yanka mata a lokacin fam 21.01 a kan kowace litar tsantsar barasa. Idan aka ɗauki giya mai ƙarfin kashi 4 cikin ɗari, kofin mashaya na Ingila, wanda yake ɗaukar mililita 568, yana ɗauke da harajin kusan kwabo 48 na kuɗinsu bisa wancan adadi na 2023. Bokitin nan mai lita 23 yana ba da irin wannan kofi 40, wato harajin da mai shi ya kauce wa ya haura fam 19. Bayan wannan akwai harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari, wanda ake lissafawa a kan farashin da aka riga aka sa wa harajin barasa, ma'ana haraji ne a kan haraji. Idan aka haɗa harajin barasar da VAT ɗin da ke kansa kaɗai, kason gwamnati a kan bokiti ɗaya zai kai wajen fam 23, kuma ba abin mamaki ba ne ya zarce kuɗin da aka sayi gwangwanin da sukarin gaba ɗaya. Saboda haka a Ingila arahar gaskiya ce, sai dai asalinta ba ƙwarewar mai dahuwa ba ce, rangwame ne da Baitulmali ta yi masa.

Akwai kuma wani kwatance da masu tallan kayan suke so ƙwarai, wanda ya kamata a yi hattara da shi, wato su jera kuɗin kofin giyar gida kusa da farashin kofi a gidan giya na Landan, su ce ga ribar da aka samu. Wannan daidai yake da a kwatanta kuɗin mudun shinkafa da farashin faranti a otal. Wanda ya je gidan giya yana biyan hayar ginin ne, da albashin masu hidima, da wutar dumama ɗaki a lokacin sanyi, da talabijin ɗin da ake nuna ƙwallo, da kujerar da zai zauna ya yi hira. Giyar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da ya saya. Kwatancen da ya dace shi ne tsakanin giyar gida da gwangwanin da ake saye a babban kanti a kai gida, kuma da zarar an yi wannan, sai tazarar ta ragu sosai, duk da cewa a Ingila ba ta gushewa.

A Amurka lissafin ya sha bamban, kuma tarihin ma daban ne. Ƙasar ta haramta sarrafa barasa da sayar da ita daga 1920 zuwa 1933, kuma da aka ɗage haramcin, dokar tarayya ta ba da izinin yin ruwan inabi mai sa maye a gida amma ta bar giya a waje. Sai a watan Oktoban 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta cike wannan giɓi, ta fara aiki a watan Fabrairun 1979. Ta yarda baligi ɗaya ya dafa galan 100 a shekara ba tare da haraji ba, kimanin lita 380 ke nan, gidan da ke da baligai biyu ko fiye kuma galan 200. Jihohi suna da ikon yin tasu dokar, shi ya sa Alabama da Mississippi ba su halatta abin ba sai 2013. Amma harajin da Ba'amurke yake kauce wa ɗan kaɗan ne. Mafi girman abin da gwamnatin tarayya take karɓa shi ne dala 18 a kan ganga mai galan 31, wadda take cika gwangwani wajen 330, wato bai fi santi 5 da 'yan kai a kan kowane gwangwani ba, ƙananan kamfanoni kuwa dala 3.50 suke biya a kan gangunansu 60,000 na farko. Dahuwar gida da aka saba yi a can galan 5 ce, kusan lita 19, kuma harajin tarayya a kan wannan adadi bai kai dala 3 ba. Jihohi suna ɗora nasu, daga Wyoming mai karɓar santi 2 a galan zuwa Tennessee mai karɓar fiye da dala ɗaya, amma ko an haɗa duka, bai kama ƙafar na Birtaniya ba.

Domin a ga yadda abin yake aiki, a ƙaddara mutum ya kashe dala 150 wajen sayen kayan farko: babbar tukunya, da bokitin da giyar za ta tashi a ciki, da tiyo, da ma'aunin zafi, da na'urar danne murfin kwalba. A ƙaddara kuma kayan haɗi na kowace dahuwa suna cin dala 40, dahuwar tana ba da kwalba 50, wato santi 80 kowace kwalba. Idan giyar da ya saba sha ta manyan kamfanoni ce, wadda a misalinmu yake saye dala ɗaya, to abin da ya rage masa santi 20 ne a kwalba, dala 10 a dahuwa, kuma sai ya yi dahuwa 15 kafin kuɗin tukunyarsa ya dawo. Idan kuwa ya saba shan giyar ƙananan masana'antu mai tsada, a ce dala 2 kwalba, to yana rage dala 60 a kowace dahuwa, kuma a karo na uku ya mayar da kuɗinsa. Tukunya ɗaya ce, hatsi ɗaya ne, amma amsar ta juya gaba ɗaya saboda abin da aka kwatanta da shi. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa dafa giya a gida a Amurka ya zama sha'awar masu hali fiye da dabarar talaka, domin talakan da yake neman maye da araha ya riga ya same shi a kanti.

Har yanzu ba a sa lokaci a cikin lissafin ba, alhali shi ne mafi nauyi. Wanda yake dafawa daga ɗanyen tsiro, ba daga gwangwani ba, yakan kashe awa huɗu zuwa shida a ranar dahuwa, tsakanin jiƙa tsiron a ruwan zafi, da tacewa, da tafasawa ta awa guda, da sanyayawa, da wanke-wanke. Wanke-wanken ne ma yake cin mafi yawan ƙarfin, domin duk abin da zai taɓa ruwan bayan ya huce dole ne a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa. Bayan mako ɗaya ko biyu zai sake zama ya wanke kwalabe 50 ɗaya bayan ɗaya, ya ɗura, ya danne murfi, sannan ya jira wasu makonni biyu kafin abin ya nuna. Idan aka ce duka aikin awa bakwai ne, aka kuma biya shi da mafi ƙarancin albashin tarayyar Amurka, dala 7.25 a awa, wanda bai sauya ba tun 2009, an sami kusan dala 51. Kwalbar santi 80 ta koma dala 1.80 ke nan. Masu wannan sha'awa sukan amsa da cewa ba aiki suke yi ba, nishaɗi ne, kuma babu wanda yake lissafa wa kansa albashi a kan lokacin da ya ɓata yana kamun kifi. Amsar tana da ƙarfi, amma ta sauya maganar, domin wanda ya ce nishaɗi yake yi ya bar da'awar tattali. A ganina nan ne gaskiyar al'amarin take: abin yana iya zama nishaɗi mai sauƙin kuɗi, amma da wuya ya zama hanyar tanadi ga wanda lokacinsa yake da farashi a kasuwa.

Sannan ga asarar da ba a cika ambata ba. Idan ƙwayar cuta ta shiga bokiti, lita 19 ce za ta yi tsami a zubar, da kuɗinta da wahalarta. Idan aka ɗura kafin yis ya gama aikinsa, ko sukarin ɗuri ya yi yawa, kwalabe sukan fashe a inda aka ajiye su. Yis kuma yana da zaɓen yanayi: irin wanda ake yin giyar Ingila da shi yana son zafin da bai wuce digiri 18 zuwa 20 ba, na giyar laga kuwa, irin wadda manyan kamfanoni suke sayarwa, yana son wajen digiri 10, saboda haka mai son irinta sai ya tanadi firiji na musamman da zai yi makonni yana jan wuta. Daga firiji sai a koma sayen tulun ƙarfe da tukunyar iskar gas domin a huta da wanke kwalba, daga nan sai injin niƙa tsiro, daga nan sai tukunyar lantarki mai sarrafa kanta. Dala 150 ɗin farko ba kasafai take tsayawa a 150 ba. Kuma doka a Ingila da Amurka ta hana sayar da ko kwalba ɗaya ba tare da lasisi ba, don haka babu wata hanyar da kayan za su mayar da kuɗinsu sai ta cikin mai su.

Sauran ƙasashe suna bin wannan ƙa'ida ba tare da kuskure ba. A Jamus harajin giya bai kai santi 10 na yuro a lita ba, kuma akwatin kwalabe a babban kanti yana da arahar da babu mai bokiti da zai iya karawa da ita, don haka Bajamushen da yake dafawa a gida ba kuɗi yake nema ba. A Ostareliya kuwa, inda harajin giya yake da nauyi kuma ake ɗaga shi sau biyu a shekara bisa hauhawar farashi, gwamnatin Gough Whitlam ta sassauta dokar dahuwar gida a 1973, kuma kamfanin Coopers na birnin Adelaide ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayar da gwangwanin dahuwa a duniya. Japan ta toshe ƙofar gaba ɗaya, domin a can laifi ne mutum ya yi abin sha mai ƙarfin da ya kai kashi 1 cikin ɗari ba tare da lasisi ba.

Akwai wani ɓangare na lissafin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma shi ne masu talla ba sa taɓawa. Duk misalan da aka kawo sun ɗauka cewa mutum zai ci gaba da shan adadin da ya saba, alhali wanda yake da kwalba 50 a ƙarƙashin matakalar bene, waɗanda ya riga ya biya kuma yake ganin kamar kyauta ce, ba ɗaya yake da wanda sai ya fita ya ciro kuɗi daga aljihu ba. Idan kuɗin kwalba ya ragu da rabi amma shan ya ninka, ba a tara komai ba, sai dai hanta ta ɗauki nauyi biyu. Gwamnatoci sun san cewa farashi yana rage sha, shi ya sa Sukotland ta kafa mafi ƙarancin farashi a watan Mayun 2018, kwabo 50 a kan kowane ma'auni na mililita 10 na tsantsar barasa, ta kuma ɗaga shi zuwa kwabo 65 a watan Satumban 2024. A wannan farashi, kofin nan mai ƙarfin kashi 4 ba zai sayu ƙasa da kusan fam ɗaya da rabi ba ko a wane kanti, amma giyar bokiti tana waje da wannan shinge. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, kuma rahotanninta sun nuna cewa tsakanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na barasar da ake sha a duniya ba ta shiga kundin kowace hukuma, wato ta gida ce ko ta fasa-ƙwauri. Harajin da mai dahuwar gida ya kauce wa, wani ɓangarensa an sa shi ne domin a biya asibiti da 'yan sanda kuɗin ɓarnar da shan yake jawowa, kuma ɓarnar ba ta tambayar inda aka dafa giyar.

A Afirka batun ya juya ta wata fuska, domin a nan giyar gida ba sha'awar mai hali ba ce, ita ce asali, ta kwalba ce baƙuwa. Kamfanin Nigerian Breweries bai fitar da kwalbar Star ta farko a Legas ba sai 1949, alhali burukutu ya riga shi da ƙarnuka a ƙasar Filato da kudancin Kaduna da Binuwai da Taraba da Adamawa, haka ma fito a arewacin Gana, da dolo a Burkina Faso, da bili-bili a Marwa da Garwa da kudancin Chadi. Masanin ɗan'adam Robert Netting, wanda ya zauna da mutanen Kofyar na ƙasar Filato a farkon shekarun 1960, ya nuna cewa a wurinsu giyar hatsi ta tsaya kusan a matsayin kuɗi: da ita ake sallamar 'yan gayya, da ita ake biyan tara. A irin wannan tsari tambayar ko giyar gida ta fi araha ba ta ma taso ba.

Inda ta taso shi ne a gari, wurin da ƙwaryar burukutu da kwalbar kamfani suke neman aljihu ɗaya, kuma ƙwarya ce take cin kasuwar lebura da ɗan acaɓa saboda ratar farashin tana da faɗi. Idan aka duba aikin da ke bayan wannan ƙwarya, sai a ga dalilin. Mai dahuwar, wadda kusan kullum mace ce, za ta jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta a inuwa ta lulluɓe, tana yayyafa ruwa safe da yamma har ta tsiro, ta shanya a rana, ta kai niƙa, ta dama, ta ɗora a manyan tukwane ko rabin durom, ta tafasa, ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta sake tafasawa na awoyi tana tsaye cikin hayaƙi da muciya, sannan ta tace ta zuba masa ragowar tsohuwar dahuwa domin ya tashi. Daga jiƙo zuwa sayarwa kusan mako guda ne. Ba ta biyan haraji irin na kamfani, ba ta sayen kwalba, ba ta talla, kuma shagon nata tsakar gidanta ne. Amma kuma ba ta lissafa ɗibar ruwan da 'ya'yanta suka yi, ba ta lissafa tsayuwarta a bakin murhu, kuma itacen da take ƙonawa yana da yawan da a wasu garuruwan Sahel ake lissafa masu dolo cikin manyan masu cin itace. Sau da yawa ribar da take gani a zahiri ita ce dusar da ta rage, wadda take ba aladu ko ta sayar. Ga kuma wata matsalar da Bature mai kwalba ba shi da ita: burukutu yana ci gaba da tashi bayan an sauke shi, cikin kwana biyu ko uku ya yi tsamin da ba ya shayuwa, don haka abin da bai ƙare ba ranar kasuwa asara ce, kuma wannan ne yake tilasta mata ba da bashi ga mashayan da ta san ba duka za su biya ba. Arahar da mai sha yake morewa daga ƙwadagonta aka zaftare ta.

Hukumomi sun daɗe da gane cewa wannan rata kuɗi ce. A ƙarƙashin wata doka ta 1908, hukumar birnin Durban a Afirka ta Kudu ta hana baƙar fata dafa giyar dawa domin sayarwa, ta gina nata gidajen giyar, ta riƙa gudanar da unguwannin baƙar fata da ribar da take samu daga aljihunsu, har wasu birane suka kwaikwayi tsarin. A watan Yunin 1959 matan unguwar Cato Manor, waɗanda aka kashe wa sana'a kuma mazajensu suke kai albashi gidan giyar hukuma, suka afka wa waɗannan gidaje suka kori mashayan da sanduna. Kenya ta bi wata hanyar dabam. A 2004 kamfanin East African Breweries ya fito da giyar Senator Keg, wadda ake sayarwa daga ganga ba kwalba ba, gwamnati kuma ta yafe mata haraji domin ta janye talakawa daga barasar bayan fage da take makantar da mutane tana kashe su. Da aka dawo da wani kaso na harajin a 2013, cinikin ya faɗi warwas, manoman dawar da kamfanin yake saye a wurinsu suka rasa kasuwa, sai da aka sake sassautawa a 2015. Wannan ya tabbatar da abin da lissafin Ingila ya nuna ta wata fuskar: da zarar an cire haraji da kwalba, kamfani yana iya sauko da farashinsa kusa da na mai tukunya. A 2020 kuma, lokacin da Afirka ta Kudu ta hana sayar da barasa saboda annobar korona, jama'a suka koma dafa giyar abarba a gida har farashin abarbar ya tashi a kasuwa.

Ya kamata a bambanta giyar hatsi da barasar da ake tatsa da tururi, irin ogogoro, domin mafi yawan mace-macen da ake ji daga wannan ta biyun suke fitowa, musamman idan an gauraya ta da sinadarin metanol domin a ƙara mata ƙarfi da araha, kamar yadda hukumomin lafiya suka danganta mutuwar mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo a watan Afrilun 2015. Haɗarin burukutu ya fi karkata ga rashin tsabtar ruwa, da hatsin da ya yi funfuna, da tsatsar durom.

A Najeriya akwai wani ƙulli da ya haɗa tukunyar tsakar gida da masana'anta. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, abin da ya tilasta wa kamfanonin giya su koma amfani da dawa da masara, kuma har yau dawa tana cikin manyan kayan da suke saye, haka ma masu yin lemon malt marar barasa. Wannan dawa daga gonakin Arewa take fitowa, ciki har da jihohin da suka kafa shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a 1999, inda Hisba take farfasa kwalaben giya a bainar jama'a. Sakamakon shi ne mai burukutu a Shandam, da wakilin kamfani mai tirela, da masu haɗa abincin kaji, da magidancin da yake neman mudun tuwon dare, duk a buhu ɗaya suke ciniki. Kamfani yana saye da kaka lokacin da farashi yake ƙasa, ya zuba a rumbunsa, kuma hatsi ɗan ƙaramin kaso ne a cikin kuɗin kwalbarsa, saboda haka tashin dawa ba ya girgiza shi sosai. Ita kuwa mai tukunya dawa da itace su ne kusan dukan jarinta, kuma da mudu take saye mako-mako har cikin damina lokacin da hatsi ya fi tsada. Idan buhu ya ninka kuɗi, ba ta iya ninka kuɗin ƙwarya, domin masu sayenta ba su da shi, don haka sai ta rage girman ƙwaryar, ko ta ƙara ruwa, ko ta haɗa da masara, ko ta kife tukwanen har sabon hatsi ya shigo.